An tura ɗana bautar ƙasa Ebonyi: in nema masa canji, ko kuwa shirin yana da amfani?

Wani magidanci daga Katsina ya aiko da wannan tambaya: "Ɗana ya gama jami'a, an tura shi bautar ƙasa Jihar Ebonyi. Mahaifiyarsa ta dage sai an nema masa canji zuwa kusa da gida. Ni kuma abin da ke damuna daban ne. Fiye da shekara 50 ana wannan shiri, ga makarantun haɗin kai na tarayya, ga tsarin raba daidai, amma har yau da ƙabila da addini muke auna juna. Anya waɗannan shirye-shirye suna haɗa kan kowa, ko kuɗi kawai ake zubarwa?"

Malam, Allah ya sa wa karatun yaro albarka, ya sa ya amfani al'umma da shi. Zan fara da maganar yaron, tunda ita ce ke hana gida barci.

Shawarata ita ce ku bar shi ya je, matuƙar lafiyarsa ƙalau. Tsoron mahaifiyarsa yana da tushe, kada ka raina shi. An kashe masu bautar ƙasa 10 a Jihar Bauchi a tarzomar da ta biyo bayan zaɓen 2011, kuma yawancinsu 'yan Kudu ne da aka turo mana amana. A watan Agustan 2023 'yan bindiga sun sace matasa 8 'yan Akwa Ibom a hanyar Zamfara, suna kan hanyar zuwa sansanin horo na Sakkwato. Uwayen can ma irin kukan da matarka take yi suke yi idan aka ce an turo 'ya'yansu Arewa. Amma idan ka duba inda hatsarin ya fi yawa, za ka ga a kan hanya yake da kuma lokacin zaɓe. Saboda haka kada ya yi tafiyar dare, ko da zai kwana biyu a hanya. Kada ya kama hanya ranar Litinin a yankin Kudu maso Gabas, saboda zaman gida na dole da masu fafutukar Biyafara suka ƙaƙaba wa yankin tun 2021. Da ya sauka ya nemi ƙungiyar Musulmi masu bautar ƙasa, MCAN, domin suna da masauki kuma sun san garin. Sansanin horon Ebonyi a Afikpo yake, garin da ke da tsohuwar al'ummar Ibo Musulmi da makarantar Islamiyya tun zamanin Shehu Ibrahim Nwagui. Yawancin mutanenmu ba su taɓa jin wannan ba, kuma rashin jin nasu ma hujja ce a kan amfanin tafiyar. Idan ya gama mako uku na sansani aka tura shi inda hankali bai kwanta da shi ba, ƙa'ida ta ba shi damar neman canji saboda rashin lafiya ko rashin tsaro, kamar yadda ta ba matan aure damar komawa inda mazajensu suke. A nemi canji da dalili na gaskiya. Takardar asibiti ta ƙarya da ake saye ita ce ƙarya ta farko da yaro zai yi wa ƙasarsa, kuma da sanin iyayensa.

Tambayarka ta biyu ita ce babba, kuma ita nake so mu daɗe a kai, domin harkar gudanar da mulki ita ce fannin da nake koyarwa. Amsata ita ce shirye-shiryen da ke haɗa mutane wuri ɗaya suna aiki, amma aikinsu ya fi ƙanƙanta a kan abin da aka yi mana alkawari. Kuma gwamnatin da ta kafa su ita ce ke tufka da warwara, domin tana cuɗa matasa na shekara ɗaya, sannan ta ware su da takardar asali har ƙarshen rayuwarsu.

Bautar ƙasa 'yar yaƙin basasa ce. An gama yaƙin a watan Janairun 1970, Janar Yakubu Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci, ya shelanta sulhu da sake gini da farfaɗo da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Ranar 22 ga Mayun 1973 ya sa hannu a doka mai lamba 24 da ta kafa hukumar bautar ƙasa, NYSC, aka ba Kanar Ahmadu Ali shugabancinta. Ɗaliban jami'a na lokacin zanga-zanga suka yi, ba su so a tsare su shekara guda alhali aiki yana jiransu. Rukunin farko mutum 2,364 ne. Yau ana ɗaukar sama da 300,000 a shekara, alawus ya tashi daga naira 19,800 zuwa 33,000, yanzu 77,000. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗauki wanda gobe zai zama darakta ko alƙali ko kwamishina, a kai shi inda bai san yaren mutane ba, ya ci abincinsu, ya koyar da 'ya'yansu, ya ga yadda suke binne mamatansu. Gani ya kori ji.

Shekaru da yawa hujjar masu kare shirin ba ta wuce labarin wane da ya auro mata daga Kalaba ba. Yanzu akwai binciken da za a iya dogara da shi. Wata masaniyar tattalin arziki, Oyebola Okunogbe, ta bi sawun tsofaffin ɗaliban wata jami'a a ƙasar Yarbawa, waɗanda aka rarraba su jihohi ba da zaɓinsu ba, ta same su bayan shekara bakwai. Waɗanda suka yi hidima a wajen yankin ƙabilarsu sun ninka sauran sau biyar wajen zama a wasu sassan ƙasar. Sun fi yin soyayya da 'yan wata ƙabila, sun kuma fi alfahari da zama 'yan Najeriya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sun dawo suna ƙara alfahari da Yarbancinsu ma. Wannan ya kamata ya kwantar wa iyaye hankali. Yaronka ba zai dawo ya manta da Katsina ba. Wanda ya zauna cikin baƙi shi ya fi sanin darajar gidansu, kuma son ƙabila da son ƙasa suna iya zama a zuciya ɗaya ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

Akwai wani gwajin da aka yi a cikin garin Kaduna a 2014, wanda ya rage mini buri kuma ya ƙara mini fahimta. Masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun ɗauki samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin talakawa masu fama da rikici. Aka ba wasu daga cikinsu horon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya. Da aka gama, ra'ayin da kowa yake da shi a kan ɗaya ɓangaren bai motsa ba. Wanda ya shigo yana ganin waɗancan ba su da kirki, haka ya fita. Amma da aka zo rabon kuɗi a aikace, waɗanda suka zauna a aji mai gauraye sun fi yi wa ɗan wani addini adalci a kan waɗanda suka zauna da nasu kaɗai. Waɗanda aka tara su 'yan addini ɗaya kuwa, fifita nasu ya ƙaru. Ma'ana, cuɗanya ba lallai ta wanke zuciya ba, amma tana gyara mu'amala, kuma ware mutane yana lalata ta. Ni a wurina wannan ya isa hujja. Gwamnati ba ta da ikon sa ni in so maƙwabcina. Abin da ake nema a wurinta shi ne ta tsara zama yadda ba zan cuce shi ba. Idan ka tuna yadda Kaduna ta rabu bayan rikicin 2000 da na 2002, Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, Kirista suka koma Sabon Tasha da Television da kewayensu, za ka gane irin asarar da aka yi: yara sun tashi ba su taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba.

Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya faɗi sharuɗɗan da ke sa cuɗanya ta yi amfani: a haɗu a matsayi ɗaya, a sa buri ɗaya a gaba, a yi aikin tare, kuma hukuma ta tsaya a bayan abin. Makarantun haɗin kai sun cika waɗannan sharuɗɗa fiye da bautar ƙasa, domin suna kama yaro yana ɗan shekara 11 ko 12, su riƙe shi shekara shida a ɗakin kwana ɗaya da layin abinci ɗaya. An buɗe ukun farko a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, wadda take cikin Ebonyin nan ta yau, Gowon ya ƙara wasu a 1973, yanzu sun haura 100. Duk wanda ya yi hulɗa da tsofaffin ɗalibansu na shekarun 1970 da 1980 ya san irin zumuncin da ke tsakaninsu. Sai dai yau wane uba ne zai sa ɗan shekara 11 a mota daga Funtuwa zuwa Ikot Ekpene? Bayan kisan ɗalibai a makarantar tarayya ta Buni Yadi a Fabrairun 2014, da sace na Birnin Yauri a Yunin 2021, kowa makarantar da ke kusa da gida yake nema. Sunan haɗin kai yana nan a allon ƙofa, amma da yawa cikinsu 'yan jihar da maƙwabtanta ne suka cika su. Haka bautar ƙasa: masu hali suna nema wa 'ya'yansu Abuja da Legas, ɗan talaka ne ke zuwa ƙauye.

Yanzu ga warwarar. Kalmar Turancin da muke fassarawa da raba daidai, wato federal character, ta shigo ne ta bakin Janar Murtala Muhammed, a jawabinsa ga kwamitin tsara kundin mulki a Oktoban 1975, ta shiga kundin 1979, tana nan a sashe na 14(3) na kundin 1999. Gwamnatin Abacha ta kafa mata hukuma a 1996. Ƙa'idar hukumar ita ce kowace jiha ta samu tsakanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na ma'aikatan kowace ma'aikatar tarayya. Ba na cikin masu cewa a soke wannan. A lokacin samun 'yancin kai 'yan Arewa ƙalilan ne a manyan muƙaman aikin gwamnatin tarayya, saboda Turawa sun taƙaita karatun boko a nan, kuma ƙasar da rabin mutanenta ba sa ganin nasu a ofis ba za ta zauna lafiya ba. Ƙananan ƙabilun Filato da Taraba da Bayelsa ma da wannan tsari suka samu shiga. Illarsa tana wajen tambaya ɗaya: wane ne ɗan jiha?

Kundin mulki bai ce wanda aka haifa a jihar ba, bai ce mai biyan haraji a cikinta ba. Sashe na 147(3) ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta. Sashe na 318 ya danganta zama ɗan jiha da iyaye ko kakanni da suka fito daga al'ummar da ke da asali a wurin. Daga nan aka samu takardar da kowa ke kira indijin, wadda shugaban ƙaramar hukuma ke sa wa hannu, kuma babu wata doka ta ƙasa da ta gaya masa ma'aunin da zai bi. Da ita ake shiga soja da ɗan sanda, da ita ake neman gurbin jami'a da tallafin karatu da aikin gwamnati. Shi kuwa sashe na 15(3), wanda ya umarci gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina, har ma ta ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu da addinai, yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana a kai gwamnati kotu a kansa. Sashen da ke rarraba mu yana da hukuma da ma'aikata da fom da hatimi. Sashen da ke haɗa mu nasiha ce kawai.

Ka ɗauki ɗanka misali. A ce ya je Abakaliki ya ji daɗin wurin, ya kama sana'a, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, wato ya yi duk abin da aka kafa NYSC domin ya faru. 'Ya'yan nan ba za su samu takardar Ebonyi ba. Ranar da za su nemi aiki sai sun zo Katsina, garin da wataƙila sau uku suka taɓa gani, a nemo mai unguwar da ya san kakansu. Haka jikan Ibo da aka haifi ubansa a Sabon Garin Kano, wanda Hausa ta fi Ibo zama a bakinsa, ake ce masa ya koma Anambra. Haka Hausawan Sabo a Ibadan, waɗanda unguwarsu ta haura shekara 100. A 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, kuma yawancinsu Ibo ne 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta. A 2012 an dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda a Anambra aka haife ta, gurbin kuma na Abiya ne, jihar mijinta inda ta yi aikinta. Daga baya aka rantsar da ita, amma ka ga matsayin macen da ta bi shawarar kundin mulki ta yi aure a wata jiha. Jos kuwa kowa ya san abin da wannan tambaya ta jawo mata: an ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, rikici ya tashi a 1994 kan naɗin shugaban riƙonta, ya sake tashi a 2001 bayan taƙaddama kan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci, ya kuma tashi a 2008 kan zaɓen ƙaramar hukumar. Da sunan addini aka yi ta kashe-kashen, amma a ƙarƙashi gardamar wa ke da gari ce, da wa zai sa hannu a takarda.

Abin da ke ƙara mini takaici shi ne mun taɓa fin haka. Ka bi sunayen unguwannin cikin birnin Kano: Ayagi ta Yarbawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa na Larabawan Arewacin Afirka. Duk baƙi ne da fatauci da malanta suka kawo, yau jikokinsu Kanawa ne ba mai tambaya. Gaskiya ne addini ɗaya da auratayya sun sauƙaƙa wannan, kuma wanda ba Musulmi ba bai samu irin wannan ƙofa ba. Amma Turawan mulkin mallaka ne suka mai da wariya doka, suka kafa Sabon Gari a wajen ganuwa domin baƙi daga Kudu, mu kuma muka gaji tsarin muka ƙara masa hatimi. Duk da haka a shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. A tsarin yau da wuya jam'iyya ta ba shi takarar kansila.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya da ta fi tamu araha. Sun ɗauki abin da jama'a suke da shi tun asali, wato wasan taubasantaka, irin na Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa, suka ɗaukaka shi a rediyo da bukukuwa, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Kokawar gargajiya ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohi, kuma a makon da ake yin ta ƙasar gaba ɗaya abu ɗaya take kallo. Wannan bai hana tawayen Abzinawa a shekarun 1990 ba. Abin da ya kwantar da shi yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995 ce, da shigar da tsofaffin 'yan tawaye cikin aikin gwamnati da damara, da ba yankuna ikon tafiyar da harkokinsu. Biki yana sanyaya zuciya, amma sai an taɓa maganar aiki da iko ake ajiye bindiga. Mu ma muna da irin wannan wasa tsakanin Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Tibi, kuma ban ga abin da zai hana a koya wa yara tarihinsa a makaranta ba.

Singafo ta tafi can ƙarshe. Tun 1989 ta ƙayyade yawan 'yan asalin Sin da Malay da Indiya da za su zauna a kowane benen gidajen gwamnati, inda kusan kashi 80 cikin 100 na jama'arta suke zaune, don kada wata unguwa ta zama ta ƙabila ɗaya. Ba za mu iya kwafar wannan ba, gwamnatinmu ba ita ke gina mana gidaje ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun sa haɗin kan a inda mutum yake kwana yake tashi kullum. Tanzaniya a zamanin Nyerere ta yi da harshen Swahili, da tura ɗalibai da ma'aikata yankunan da ba nasu ba.

Gyaran da nake goyon baya shi ne a raba abu biyu da muka cakuɗa. Sarauta da filayen gado da wuraren al'ada su zauna a hannun masu asali. Tsoron da Birom ko Gbagyi ko Atyap suke yi na kada a wayi gari sun zama baƙi a ƙasar kakanninsu tsoro ne na gaske, Gbagyin Abuja sun ga abin da ya same su bayan an mai da ƙasarsu babban birnin tarayya a 1976, kuma duk gyaran da ya yi watsi da wannan tsoro ba zai wuce majalisa ba. Amma makaranta da asibiti da tallafin karatu da aikin gwamnati da tsayawa takara su bi zama: wanda aka haifa a wuri, ko ya zauna wasu shekaru da doka za ta ƙayyade yana biyan haraji, ko macen da aure ya kawo ta, a ba shi takardar zama mai ƙarfin ta asali, kuma ya saki ta jihar kakanninsa don kada ya ci biyu. Gyaran kundin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, shi ya sa maganar take mutuwa duk lokacin da aka taso da ita, domin 'yan majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi su ne masu cin moriyar takardar. Sai dai jiha ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta daidaita kuɗin makaranta tsakanin ɗan asali da mazauni, ko ta buɗe tallafin karatu ga duk yaron da ya yi firamare da sakandare a cikinta, ko ta riƙe mai bautar ƙasar da ya yi ƙwazo ta ba shi aiki na dindindin da fansho maimakon kwantiragi. Waɗannan duk gwamna da majalisarsa suna iya yinsu a zama ɗaya. Jihohinmu na Arewa da ke kukan ƙarancin likitoci da malaman lissafi da kimiyya su suka fi kowa buƙatar fara wannan, kuma sai mun yi wa jikan Sabon Gari adalci a Kano za mu samu bakin nema wa jikan Sabo nasa a Ibadan.